Ƙofar Husai

Gidanmu na Ƙonni yana cikin jerin tsofaffin gidajen ƙasa huɗu masu haɗe da bango. A da akwai ƙofa tsakanin kowane gida da na kusa, don mata su ziyarci juna ba sai sun fita titi ba. Tamu an toshe ta da laka tun ba a haife ni ba.

Wata la'asar, ruwa ya ɗauke, na iske kakata Inna Hassi ta kara kunne a wurin. Bangon sai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yake.

Na ce, "Inna, mi kike saurare?"

Ta ce, "Husai, wadda anka haife mu tare, da ke zaune gidan nan na kusa. Ran da ruwa ya kada ɗakinta, ta jawo jiki har nan, ta buga sau ukku. Na ɗauka iska ce, ban buɗe ba. Nan ta rasu bakin ƙofar. Saurara, ko kai ka ji."

Ban ji komi ba, amma don in faranta mata na ce na ji.

Ta sulale ta zauna ƙasa, ta ce, "Ashe ba ta yafe min ba."

Inna ta rasu ban gaya mata ƙarya na yi ba.