Rigar Gado a Bakin Kuloci

Malam Tanimu, aje murfin nan tukuna, jawo benci ka zauna. Ka ce in yanka maka tagogi a jikinsa don kowa ya ga kulocin babur ɗinka yana juyawa. Zan yanka, ai aikina ne. Amma bari in ba ka misali da wani mutum kafin in ɗauki zarto.

Mai gyaran injin ban-ruwa ne, yana zagaya fadamu daga wannan ƙauye zuwa wancan. Ya sami wani ƙaton babur na hannu, irin naka, wanda kulocinsa busasshe ne, ba ya wanka cikin mai kamar na ƙananan baburanmu. Da bazara, in ya sha hawa da gangara, sai kulocin ya ɗau zafi a cikin murfi, ya riƙa santsi yana warin ƙuna, baƙar ƙurar da farantansa ke zubarwa ta rasa hanyar fita. Sai ya kai wa maƙeri murfin aka huda masa tagogi huɗu. Ina wurin ranar da aka tayar da injin. Ikon Allah! Farantai a jere suna juyawa har ido ya kasa raba su, sai sheƙi kawai kake gani, suna kacau-kacau kamar ana karkaɗa sarƙa a cikin kwano. Shekara talatin ina kwance inji ina ɗaurawa, ban taɓa tsayawa na kalli ƙarfi tsirara haka ba. Amfani kuwa ya fito fili. Iska ta shiga, zafi ya sauka, ƙura ta sami ƙofa, in faranti ya cinye yana gani da ido ba sai ya kwance komai ba. Shi ma ya san dokar abin. Ya san ko babur na tsaye, muddin inji na aiki kuloci ba ya hutawa. Kullum sai ya ɗaure ƙafar wandonsa da roba, da damina ya toshe tagogin saboda tsatsa, in ya dawo daga daji ya hure yashi. Shekara uku ko ƙwarzane bai yi ba.

Ana nan Allah ya ba shi ɗa, bayan shekara goma sha ɗaya da aure ba haihuwa. Ya sayi shadda mai kauri, sabuwa fil, ya kai wa tela ya ɗinka masa rigar fitar suna. Ranar suna da sassafe ya je karɓa, ya tarar ko wuya ba a yanka ba. Ya zazzaga wa tela masifa har maƙwabta suka fito ba da haƙuri. Ya koma gida yana huci, ya buɗe adaka ya ciro babbar rigar marigayi mahaifinsa, wadda wanki da bugu suka cinye har ana hango rana ta cikinta. Jama'a sun cika ƙofar gida, rago a ɗaure, liman yana unguwar gaba yana jira a ɗauko shi. Mutumin ya ɗaure ƙafar wando kamar kullum, don hannu ya riga ya saba, ya naɗe hannayen riga a kafaɗa, ya hau. Bai taɓa hawa da babbar riga ba. Ka kuwa san halinta, ba ta zama a kafaɗa sai ana mayar da ita, mai babur kuma ba shi da hannu na uku. Yana faɗawa wani rami a bakin kwalbati, hannun riga na dama ya zame, ya sauka har idon sawu, taga ta lashe shi.

Kafin ya kai ƙarshen salati an fizgo kansa ya bugi tanki, wuyan riga ya shaƙe masa maƙogwaro. Daga baya ya gaya mini abu ɗaya ne ya faɗo masa a rai: yau za a raɗa wa maraya suna. Sai ya ji rigar ta yage daga kafaɗa har ƙasa. Inji ya cika baki da tsumma ya mutu, shi kuma ya faɗi cikin ciyawa, ya tashi da rabin riga da jan zane zagaye da wuyansa. Ni na warware tsumman nan da wuƙa, na auna shi. Kamu huɗu abin ya haɗiye cikin ƙiftawar ido, abin da faɗinsa bai kai faifai ba. Wallahi da shaddar nan ce a jikinsa, wuyansa ne zai saki kafin ita.

A ƙafa ya ƙarasa gidan liman, da rabin rigarsa. Aka yi suna, ya ɗauki ɗansa a hannu. Da yamma ya saɓi cinyar rago ya nufi shagon tela. Tela yana hango shi ya laɓe bayan keken ɗinki, yana zaton ragowar faɗa ce ta biyo shi. Mutumin ya aje cinyar a kan tebur, ya kama hannunsa biyu, yana yi masa godiya da hawaye. Tagogin nan bai rufe su ba, don ya sha daɗinsu kuma ba ƙarya ba ne. Raga ta ƙarfe ya sa aka ɗaura musu, iska na shiga, tufa ba ta shiga.

To, Malam Tanimu, dubi kaftaninka, yana sharar ƙasa tun da ka shigo. Zan yanka maka tagogi, amma da raga, in ba ka so ka nemi wani bakanike. Ba a banza Hausawa suka ce ba: zuma, ga zaƙi ga harbi.