Baba Yohanna a Bakin Kogi

Ana gobe baftismata, na raka babana duba wurin a kogin Haɗeja. Sai ga maƙwabcinmu Baba Yohanna, ruwa iya ƙugu, yana yankan ciyawar kacalla da lauje. A cocinsu yayyafawa ake yi, a namu nutsarwa, kullum suna gardama da babana a kan haka.

Babana ya ce, "Malam Yohanna, ka dawo hanya ke nan?"

"Allah ya kiyaye! Ruwa cikin tafin hannu ya isa. Amma tunda kun nace sai kun tsoma mini 'ya, ciyawa ba za ta yanke ta ba."

Har ya rasu bai yarda da mu ba. Amma in na tuna baftismata, shi nake fara gani, ba fasto ba.