Jirgin Sufeto Ya Ƙi Silo

Injin ya yi tari, farfela ta tsaya cak, jirgin ya sake mutuwa tun kafin tayarsa ta gusa.

Sufeto ya durƙusa a kansa yana huci. Ƙaramin jirgi ne mai shan fetur, ana tuƙa shi da rimot daga ƙasa, amma a ƙungiyar dattawan da ke haɗuwa a filin bayan gari, duk wanda ya kira shi abin wasa ya nemi faɗa. Sufeto ne jami'in fasaha na ƙungiyar. Shi ke duba jirgin kowa, ya ce wannan ya tashi, wancan a koma gida da shi. Nasa ne kawai bai taɓa barin ƙasa ba.

Kafin ya yi ritaya, aikinsa zagaya masana'antu yana neman laifi, kuma bai taɓa rasawa ba. Da ya ajiye aiki sai ya juyo kan gidansa. Ya leƙa gindin tukwane, ya sauya wa cokula wurin zama, ya tsaya yana koya wa matarsa shanyar kaya. Ita ce ta sayo masa jirgin a matsayin kyautar ritaya, abokansa suka yi ta cewa ya yi dacen mata.

Iyakar gaskiya, mutumin ya san aikinsa. Sarbo, wato ɗan injin da ke tura siririn ƙarfe ya buɗe totur, ya ɗaure shi babu ko girgiza. Ya daidaita rimot yadda totur zai buɗe har ƙarshe ba tare da sarbon ya yi gurnani ba. Sai kabureta da allurarta biyu, ɗaya ta gudu, ɗaya ta silo. Yakan wuni a fili da ƙaramin sukundireba, kunne a jikin injin, har silo ya zauna sumul. Ya kai shi gida da murna. Idan ya dawo da shi fili, yana tura totur sai injin ya shaƙe ya mutu.

Ya zargi mai sayar da fetur. Ya sauya fulogi, ya zargi masu ƙera fulogi. Daga baya ya koma zargin Likitan Haƙori, wani ɗan ƙungiyar da ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan kujerar jami'in fasaha.

"Sufeto, ko igiya za mu ɗaura masa ka riƙa jan abinka?" in ji Likita, sauran suka kwashe da dariya.

A ranar ƙungiya ta yanke hukunci: in jirgin bai tashi ranar Asabar ba, kujera ta koma hannun Likita. Abin ya yi wa Sufeto ciwo ƙwarai, don ita kaɗai ce ta rage masa inda zai ce a'a a ji.

A gida matarsa ta yi ta ba shi baki. Ko gaban baƙi takan ce jirgin nan ya ƙwace mata miji, amma ita ke goge masa ƙura da hannunta, ba ta barin ko jikoki su matso kusa.

"Baban yara, wace allurar ce ke ba ka wahala, ta gudu ko ta silo?"

"Ta silo," ya ce, har ya ɗan ji daɗi, ashe karatun da yake mata a kan abinci yana shiga.

Ana gobe Asabar wata sabuwar dabara ta faɗo masa: danshin ɗaki ne ke ɓata masa aiki. Saboda haka da ya gama daidaitawa, ya kulle jirgin a but ɗin mota, ya sa makulli a aljihu.

Da gari ya waye ya kai shi fili, injin ya tashi bugu ɗaya. Silo ya zauna. Sufeto ya tura totur, injin ya amsa ba gardama, jirgin ya sheƙa a guje ya ɗaga sama. Ya zagaya filin, ya sauka lafiya lau. Likita ya tafa hannu kamar wanda ake cire wa haƙori.

Sufeto ya shigo gida rungume da jirgin, ya ajiye shi a mazauninsa.

"Maman yara, an gama! Yanzu ba sauran wuni a fili, leƙawa kawai zan riƙa yi. Na dawo miki gaba ɗaya. Gobe da safe za mu fara da kicin, na ga yadda kike jera gwangwanaye bai yi ba."

"Kai, madalla," ta ce. "Je ka watsa ruwa, ka sha rana."

Ta saurara har ta ji ƙarar ruwa. Sannan ta ɗauko tsumman goge ƙura, ta zare 'yar wuƙar da ke naɗe a ciki, ta sa tsininta a kan allurar silo, ta murɗa ta kaɗan zuwa dama, kamar yadda take yi duk mako tun ranar da ta sayo masa jirgin.