Gurbin Suna

Shugaban makarantar, Malam Zaharaddeen, ya tura ƙyauren ofis ya danna sakata.

"Bahago, buɗe kwamfutar nan. Ina son sunan wanda ya kai ƙara cewa ana dukan yara a aji huɗu."

Gumi ya karyo wa Bahago. Shi ya gina wa makarantar nan ta Ƙofar Kuyambana shafin kai koke ga kwamiti, shi kuma ya bi iyaye yana rantse musu cewa asirinsu a rufe yake. In ya ba da suna, ya ci amana. In ya ƙi, aikinsa ya tafi. Ofishin ko taga babu.

Ya buɗe ma'ajiyar. Koke arba'in da uku, babu suna ko ɗaya. Ya leƙa fom ɗin da ya rubuta da hannunsa a HTML, sai ya gane: ya yi gurbin suna a shafin, amma ya manta bai haɗa shi da Django, manhajar da ke kai bayanai ma'ajiya, ba. Duk sunan da aka rubuta, a hanya yake zubewa.

"Ranka ya daɗe, kuskurena ne. Ba a taɓa ajiye sunan kowa ba."

"Ko kai ba ka iya tono shi?"

"Wallahi ko ni."

Malam ya yi ajiyar zuciya, ya cire hula.

"To tashi ka ba ni kujerar. Ni ma koke zan rubuta: malamin aji huɗu ɗan mai makarantar ne, kuma na ga dukan da idona. Kai kuma kada ka kuskura ka gyara fom ɗin nan."