Kaki a Cikin Ƙaho

Kai da kake cewa aiki ya lalace maka, ka duba ko'ina ba ka ga dalili ba, gyara zama in ba ka misali.

An yi wani maharbi a wani ƙauye na bakin daji, ana ce masa Tunau. Bindigar toka gare shi, irin wadda ake ɗurawa ta baki, kuma da hannunsa yake ɗurinsa: ya auna albarushi, ya danna tsumma, ya zuba dalma, ya sake dannawa. Ma'auninsa ɗan tsinin ƙahon barewa ne da ya gada wurin mahaifinsa, ya sha hannu har yana sheƙi. Shekara talatin Tunau bai yi wa nama ɗaya harbi biyu ba, shi ya sa gari ya bar masa tsaron gonakin rogo daga aladen daji. To, shekarar da furfura ta cinye gemunsa, sai harbi ya soma ƙin sa. Ya auna kafaɗar dabba, sai ka ga ƙura ta tashi a gaban ƙafarta, ta kaɗa wutsiya ta yi gaba. Na farko aka ce tsautsayi, na biyu aka ce iska. Da aka kai na biyar, in ya iso majalisa sai a sauya zance.

Allah sarki, Tunau! Babu abin da bai zarga ba. Ya ce albarushin ya sha danshi, ya nemo sabo. Ya ce dalmar ce, ya narka wata. Ya sauya tsumma, ya wanke cikin bindiga da ruwan zafi, duk a yini ɗaya, kamar mai miyar da ta ƙi daɗi tana zuba duk abin da hannu ya kai. Har hayaƙi ya yi wa bindigar, ko bakin mutane ne. Ƙahon nan kaɗai bai taɓa ba. Wa ke tuhumar kayan ubansa? Da masu laifi suka ƙare sai ya juyo kan kansa, ya ce ido ne ya tafi. Wannan ita ta karya masa zuciya. Ya naɗe bindigar a tsohon zane, ya kai wa Barmo maƙeri, abokinsa tun na ƙuruciya, ya ce ya sare ta ya ƙera fartanya.

Barmo ya ajiye guduma ya ce, "Haba, tsohon rigima! Kai da ka hango ni jiya tun daga bakin rafi ka ce hulata ta karkace, yau kai ne makaho? Ka taɓa abu goma lokaci guda, ta ina za ka gane ɓarawon? Ɗaya bayan ɗaya ake bi."

Suka fita bayan gari, suka kifa fasasshiyar ƙwarya a kan suri, suka ƙirga taku arba'in. Tunau ya ɗura da ƙahonsa ya harba, ƙura ta tashi a gindin surin. Barmo bai sauya komai ba sai ma'auni. Ya auna da nasa na maƙera, wanda shi da kansa ya san daidai yake da ƙahon tun zamanin mahaifin Tunau. Daram! Ƙwarya ta tarwatse. Amma gindin bindiga ya doki kafaɗar Tunau har ya durƙusa yana salati. Barmo ya karɓi ƙahon, ya zura tsinke, tsinke ya tsaya tun bai kai ƙarshe ba. Kakin zuma ne aka danna a ciki, an shafe shi sumul, aikin hannu mai natsuwa.

Tunau ya san hannun. Mutum ɗaya ce ke taɓa kaki a gidansa, matarsa Kulu, da shi take goge zare in za ta ɗinke ƙwarya. Ya taho gida da faɗa cike da baki, ya same ta tana tankaɗe a tsakar gida, ya ajiye ƙahon a gabanta. Ba ta yi musu ba.

"Ni ce, maigida. Duk ran da ka yi harbi ni ke gasa maka kafaɗar nan, ina kallo hannunka ba ya iya kai loma baki. In na ce ka rage ɗuri, ba ji za ka yi ba. Na ce gara a rasa rogo da ka rasa hannu. Wallahi ban san zai ci maka suna ba." Sai hawaye ya sauko mata har cikin rariya.

Ya buɗe baki, faɗan ya ƙi fitowa, don kafaɗar tana ta zogi, tana gaskata maganar Kulu. Tausayinta ya kama shi, ya ji kunyar kansa. Ya ɗauki ƙahon ya mayar aljihu, kuma bai ƙwaƙule kakin ba. Washegari ya koma wurin surin nan yana matsowa taku taku, har ya gane a taku talatin harbinsa ba ya kuskure. Tun daga ranar yake rarrafa ƙarin taku goman nan da tsofaffin gwiwoyinsa kafin ya ja kunamar bindiga. Rogo ya tsira, shi kuma da hannunsa ya ci tuwonsa har ƙarshen rayuwarsa.

To ka ji. So ne ya hana shi leƙa ƙahon ubansa har ya kusa rabuwa da sana'arsa, kuma da gaskiya ta fito, son ne dai ya rufe masa baki a gaban Kulu. Kai ma tashi ka je ka leƙa abin nan da ba ka so a taɓa. Hausawa ba su faɗi banza ba da suka ce, so hana ganin laifi.