Takardar Kunnen Giwa

Goggo, zauna in ba ki wani misali, amma kar ki ce wace ce, don ba ki san ta ba. Wata yarinya ce, uwarta na sayar da gwanjo. In an ɓalle dila, a tsakanin riguna akan samu 'yan dabbobi na auduga, masu laushi, ba su wuce tafin hannu ba. Uwar ba ta ɗauke su kaya ba, gefe take watsar da su. Ita kuwa yarinyar sai ta riƙa tsincewa tana cusawa cikin rigar filonta, har suka kai sha tara. Filon ya yi gudaji-gudaji, wuyanta na ciwo, amma ba ta faɗa wa kowa ba, tana tsoron a ce ƙatuwar budurwa da wasan 'yar tsana. Rannan wata mai sayen kaya ta gan ta tana shafa wani ɗan zomo, ta yi dariya ta ce ai akwai irinku da yawa, ta sa lambarta a wani gurup a waya. Ashe manya ne a ciki, Goggo! Har da matan aure, har da wani malamin asibiti mai gemu. Kowa da kabad ɗin gilashi, ya jera nasa. Suna ta rubutu, rabi da Turanci, ita kuwa aji uku ta tsaya. Hoto kawai take kallo, in an yi magana da murya ta kara a kunne. Wata huɗu tana ciki ba ta ce uffan ba, kar su gane ba ta iya karatu.

To, ran nan dai ta daure ta tura hoton wata 'yar giwa ruwan toka, mai 'yar takarda a naɗe a kunne. Kafin ta ajiye wayar gurup ya rikice. Shugabarsu, wata Hajiya mai fara'a, ta yi magana da murya: "'Yata, ina kika samo wannan? Su sha biyu ne 'yan gida ɗaya, muna da sha ɗaya, shekara biyu muna neman giwar nan! Ki kawo ta ranar Asabar mu jera su, ki zauna cikinmu." Yarinyar ta saurara ya fi sau goma. Ba a taɓa ce mata zo ki zauna cikinmu ba. Ƙarƙashin maganar an yi rubutu da yawa, wani ma da manyan baƙaƙe, ta ga kamar barka suke mata, ta wuce. Sai ta shinshina giwar, ta ji warin dila. Kunya ta kama ta. A gidansu kuwa abin da ta tashi ta gani shi ne, kayan gwanjo ba ya fita sai an wanke, an cire duk wata takarda da ke jiki, kar a gane na hannu ne. Ta sa reza ta yanke takardar kunnen, ta yanke 'yar farar da ke ɗinke a gindi, ta jefa su a murhu kar uwarta ta gani. Ta wanke giwar da omo sau biyu, ta shanya a bayan randa, ta turara ta da turaren wuta. Wallahi ta yi kyau, Goggo, kamar sabuwa.

Ranar Asabar ta ce za ta kitso, ta tafi gidan Hajiyar. An shimfiɗa farin mayafi a tebur, sha ɗayan na jere, kowanne da takardarsa a kunne cikin 'yar leda, an bar gurbi ɗaya a tsakiya. Ta ciro giwar daga hijabinta ta ajiye. Mai gemun nan ya juya ta, ya sake juyawa, ya ce, "Ina takardar?" Ta ce ai datti ce, ta cire. Wata ta dafe kai ta ce, "Wayyo, ta yi mata wanka!" Wasu suka yi dariya, wasu ba su yi ba. Ashe a wurinsu takardar ce shaidar cewa ta asali ce, da lambarta da sunanta, in babu ita giwar ba ta da maraba da ta bakin titi. Kuma abin da suka yi ta rubuta mata ke nan: kar ki wanke, kar ki cire komai. Hajiyar ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Haba 'yata, me ya hana ki tambaya?" Aka ɗauki hoton sha ɗaya da gurbinsu. An ce ta tsaya ta ci cincin, ta ce ana jiranta.

Har yau ta kasa ganewa. Giwar dai ita ce, hancinta, idonta, laushinta, ba abin da ya ragu. To giwar suke so ko takarda? In takarda ce, me ya sa suke rungumar su? Kuma Hajiyar ta turo mata saƙon murya ita kaɗai, yau kwana shida, ta kasa buɗewa. Ko kora ce, ko kira ne, oho. Da ta buɗe baki tun farko ta ce a karanta mata, da ba a kai nan ba. Shi ya sa ta ce, wato na ce, bari in tambaye ki, Goggo: ta buɗe ko ta bari? Don dai an ce matambayi ba ya ɓata.