Kwalbar Yaya Moussa

Malam Mutari ya tsoma cokali cikin bidon zuma, ya lasa, ya lumshe ido. Ma'aikatan biron duwan, wato ofishin kwastan, suka yi tsit, har direban kamyon ya rage muryar rediyonsa.

"Sukari ne," in ji shi. "A kai ta babi na goma sha bakwai."

Ga wanda bai san aikin ba, a littafin tarif na kuɗin fito zumar gaske tana babi na huɗu, tare da madara da ƙwai. Ta jabu kuwa, wadda aka dafa da sukari, can babi na goma sha bakwai take, kuma da zarar hatimin nan ya hau takarda, ba mai sake kiranta zuma a Babbar Kasuwa. Shekara ashirin da shida harshen Malam Mutari ne ke raba wannan gardama a biron. Saura kwana tara ya ajiye aiki, kuma burinsa ɗaya ne tak: ya fita ana cewa bai taɓa kuskure ba.

Mai kayan, wani dattijo Isaka da ya shigo da bido arba'in daga ƙetaren iyaka, ya miƙo hannuwansa da suka kumbura.

"Ranka ya daɗe, da kaina na ɗebo ta daga amya. Dubi harbi."

"Kowa haka yake cewa. Dubi yadda ta daskare a gindin bido, tsaki-tsaki. Ga ɗaci-ɗaci a maƙogwaro. Ni za ka koya wa zuma?"

Da magana ta mutu a nan, sai Iklima ta sa baki. Sabuwar ma'aikaciya ce, ko kakinta bai gama sabawa da ita ba.

"Baba Mutari, a gafarce ni. A makaranta an ce mana zumar gaske ma tana daskarewa. Me zai hana a aika labo a gwada?"

Labo! A gaban mutane! Aka yi sa'a na'urar labon ta yi wata huɗu tana jiran gyara, sai shef ɗin biro ya ce a riƙe kayan, gobe a kawo hujja.

Ran nan Malam Mutari ya koma gidansa na Kalley zuciya na tafasa. Yarinyar da aka haifa yana cikin kaki ita ce za ta zubar masa da suna a kwana tara na ƙarshe? Ina!

Hujja kuwa yana da ita, tana kan kanta a ɗakin matarsa Aisa. Shi ɗan birni ne, bai taɓa ganin amya da idonsa ba, amma Allah ya ba shi suruki. Moussa, yayan Aisa, mai kiwon zuma ne a wani ƙauye bayan Madarunfa. Duk wata biyu kwalba na zuwa, yawanci yana biro ake kawowa, ya dawo ya tarar. Da ita ya horar da harshensa, da ita yake shan shayi. Sukari ko ƙwaya ba ya taɓawa. Buhun sukarin da ke cikin ɗakin ajiya matsalar Aisa ce da maƙwabtanta masu aron da ba ya ƙarewa, ya yi faɗa har ya gaji.

"Miƙo mini kwalbar Yaya Moussa, da ita za ni biro gobe."

Aisa ta daɗe tana goge hannu a zane.

"Malam, ka bar ta mana. Abin gida na gida ne."

"Rowa dai, Aisa! Cokali nawa za su sha?"

Da safe ya jera kwano biyu a kan teburin shef. Ɗaya na Isaka, mai duhu da kauri. Ɗaya nasa, garau, tana zuba kamar zare.

"Ku lasa. Wannan tawa yau kamar bara take, bara kamar shekara ashirin da suka wuce. Ba ta taɓa daskarewa ba, ba ta taɓa sauya ɗanɗano ba. Haka gaskiya take."

Shef ya lasa, sakatare ya lasa, mai gadi ma ya samu rabonsa. Wallahi ko jariri zai ji bambanci, abubuwan nan biyu ba su haɗa dangi ba. Isaka ya miƙo yatsa shi ma, Malam Mutari ya janye kwanon, ya ce ba a ba wanda ake tuhuma shaida ya taɓa.

Iklima ce ta lasa a ƙarshe. Ta dubi kwanon nan, ta dubi wancan, kunya ta rufe ta.

"Na yi wauta, Baba. A yafe mini."

"Ba komi, ƴata. Takarda daban, harshe daban."

Hatimi ya sauka: babi na goma sha bakwai. Isaka ya naɗe takardarsa, ya ce Allah na gani, ya fita yana share ido da hannun riga. Ba wanda ya kula shi, ana rububin suɗe kwalba.

Malam Mutari ya shiga gida yana taku ɗai-ɗai, ya dire kwalbar wayam a gaban matarsa.

"Yayanki ya fitar da ni kunya. Ki gaishe shi, ki ce ya aiko wata."

"To, Malam. Jibi in sha Allah."

Washegari, da ta ji ƙarar motarsa ta sha kwana, Aisa ta sa wa ƙofar gida sakata, ta ɗora tukunya, ta auno sukari kwano biyu da rabin lemun tsami, kamar yadda take yi duk wata biyu tun shekarar da gobara ta cinye amyoyin Moussa, ta rasa bakin da za ta gaya wa angonta.